Mahaya Tara Daga Gabas

Tun yana aji biyu na babbar sakandare Kamilu yake zana ƙarshen duniya a bayan littafin lissafi. Da ya girma ya zama mai rubuta allunan shaguna a Wurno. Rabin sunayen da ke bakin kasuwa rubutunsa ne, na masu taki da na masu cajin waya, amma ƙarshen duniyar nan bai rabu da shi ba. Idan aiki ya lafa sai ya goge fenti daga yatsunsa, ya jawo littafi daga ƙarƙashin benci ya ci gaba. Labari ne cikin zane, kowane shafi gida shida, maganar mutane tana fitowa daga bakinsu cikin ɗan zagaye. Ya sa masa suna Masu Makullin Ruwa. A cikinsa shekara saba'in sun wuce nan gaba, sama ta daina zubar da ruwa, gulbi ya mutu, wasu mahaya babura masu baƙar fuska sun mamaye madatsar Goronyo suna auna wa mutane ruwa da murfin kwalba. Duk wanda ya ɗaga kai ya dube su, har gida suke bin sa.

Littafi goma sha ɗaya ya cika, kuma mutum ɗaya ce ta karanta su duka. Sunanta Khaulat.

Khaulat tana aiki a wani ƙaramin asibiti a bayan tasha, tana taimaka wa Sista Alice wajen wanke ciwo da yin allura. Ba haifaffiyar Wurno ba ce. Shekara huɗu da suka wuce ita da mahaifiyarta Inna Mairo da yayanta Lauwali suka iso garin a bayan motar albasa, daga wani ƙauye can gaba da Maikujera a ƙasar Rabah, ranar da mutanen daji suka faɗa musu da hantsi suka harbe mahaifinsu a bakin rumbu. Kamilu ya fara ganinta ne ranar da aka kira shi ya sabunta allon asibitin. Yana kan tsani ta fito zubar da ruwa, ta ɗaga kai ta ce masa harafinsa na uku ya karkace. Ya duba, bai ga karkata ba, amma ya goge ya sake rubutawa.

Tun daga ranar, duk littafin da ya gama wurinta yake kai shi ya bar mata. Yakan naɗe shi a takardar siminti ya ɗaure da zaren ɗinkin buhu, da irin ƙullin da yake ɗaure kyallen talla don kada iska ta kwashe: ƙulli biyu, na uku ya juya shi baya ya ja. Kullum sai ta yi masa tsiya a kai.

"Kai wanga ƙulli naka sai reza," takan ce. "Littahi kaka ba ni ko kurkuku?"

An riga an kai gaisuwa gidansu. Bayan girbin albasa aka ce za a tsayar da rana.

Sai ga Abdulgafar. Tare suka yi makaranta da Kamilu, daga baya ya tafi Sakkwato ya koyi ɗaukar hoton biki, ya dawo da kyamara biyu da wani ɗan jirgi mai ƙugi kamar zuma wanda yake ɗaukar hoto daga sama. Ya ga shafukan da Kamilu yake sakawa a waya, ya zo shago ya zauna a kan bencin fenti har wandonsa ya ɓaci bai sani ba.

"Wanga abu fim na," ya ce. "Kowa soyayya da rawa shika yi. Mu mu yi duniya bayan ruwa ya ƙare. Ga gulbi busasshe Allah ya ba mu kyauta, ga 'yan kabu-kabu cike da tasha. Mi muka jira?"

Wata biyu Kamilu bai san inda kansa yake ba. Wani mai walda a Achida ya yi musu bindigogi da bututun famfo. Fuskokin mahayan kuwa Kamilu da kansa ya yanka su daga tsofaffin jarkokin man gyaɗa, ya shafe su da baƙin fenti, ya liƙa gilashin tabarau a gurbin ido, ya huda 'yan ramuka a wajen baki. Ranar da ya gama ta farko ya sa ya dubi madubi. Abin da ya shekara takwas yana gani a cikin kansa, ga shi tsaye yana kallonsa.

Babban mahayi, wanda zai ja sauran takwas, Lauwali yayan Khaulat ne ya ce nasa ne. Ɗan kabu-kabu ne da babu ƙauyen da bai sani ba daga Kwargaba har Goronyo. Shi ke ɗauko buhunan albasa, shi ke kai masu juna biyu awo, kuma ba ya wuce tsoho a hanya. Dogo ne mai wushirya, dariyarsa tana riga shi isa wuri.

"Shekara huɗu ina gudu," ya ce wa Kamilu, yana jujjuya fuskar jarkar a hannu. "Bari ni ma sau guda a guje ni, ko da na wasa na."

Khaulat ba ta yi dariya ba. Ana saura kwana biyu a fita ɗaukar hoto, bayan la'asar, Kamilu ya same ta a ƙofar gida tana tsince shinkafa. Ya ɗauka za ta yaba. Sai ta ajiye faifan.

"Kamilu, kai zana su ka yi. Mu ganinsu munka yi."

"Khaulat, labari na hwa. A ƙarshe ana cin su."

"Na karanta, na san ƙarshen." Ta dubi tafin hannunta. "Ban hana ba. Yaya ba shi hanuwa, kai ma na ga yadda idonka ke yi in ana maganar. Abu guda nika roƙo. Yaya ba shi da wata takarda a ƙauyukkan ga sai huskatai. Ita aka sani, ita aka buɗe ma hanya. Ka yi mani alkawari ba za ka bari shi ruhe ta ba inda ba a gaya ma mutane ba."

"Har mai gari mun gani. Gobe za a yi shela."

"Ba shi na tambaye ka ba. Alkawari na ce."

Ya dubi idanunta, waɗanda ya sha ƙoƙarin zanawa bai taɓa samu daidai ba. "Na yi alkawari. Yadda na ɗauke shi haka zan maido maki shi."

Ba banza ta yi wannan magana ba. Tun da mutanen daji suka fara zuwa, ƙauyukan bakin gulbi suka kafa wa kansu doka wadda babu inda aka rubuta ta, amma ko mahaukaci ya san ta. Babura fiye da biyu ba sa tunkarar gari a jere. Ba a rufe fuska. Wanda ya fito daga gabas, ta ɓangaren daji, idan ya hango gari sai ya kashe inji ya sauko ya turo babur da hannu. Kowane ƙauye yana da mai tsaro a kan itace, da ƙarfen wilin mota a rataye kusa da shi. In ya ga abin da bai gane ba sai ya buga. Ƙauye na gaba ya ji ya buga nasa. Kuma in aka buga, an buga: mata su kwashi yara su faɗa gonaki, maza su ɗauki abin da ke kusa. Shi ya sa yanzu manomi yake ban ruwa da bindigar toka a jingine a jikin injin.

Abdulgafar da Kamilu sun bi ƙa'ida. Sun je Tungar Baushe, ƙauyen da ke yamma da inda gulbin ya bushe tsakanin Wurno da Goronyo, suka durƙusa gaban mai gari suka nuna masa bindigogin bututu. Tsohon ya leƙa cikin ɗaya, ya hura, ya yi murmushi. Ranar Juma'a aka yi shela a masallaci da bakin rijiya cewa gobe da safe za a ga babura tara da mutane masu baƙar fuska suna gangarowa rairayi daga bayan gari, wasan fim ne, kada kowa ya buga ƙarfe. Akwai wani ƙauye a tsallaken gulbin, ta gabas, amma gaɓar ruwan da giginyu sun kare shi, ba zai hango komai ba. Don haka ba a aika musu ba.

Asabar tun da sassafe suka hallara. Bazara ce, rana ba ta gama fitowa ba amma zufa ta fara. Rairayin gulbin shimfiɗe, fari fat, sai wani ɗan kwararon ruwa kore a tsakiya wanda akuya ma za ta tsallake. Rabin Tungar Baushe sun fito kallo a kan gaɓa. Kamilu ya bi baburan ɗaya bayan ɗaya yana shafe su da laka da baƙin tukunya. A bayan na Lauwali akwai rubutun da shi da kansa ya yi masa bara da jan fenti, Ɗan Inna Mairo. Ya shafe shi ma.

An yi ɗauka ta farko. Mahaya suka gangaro daga yamma, suna tsakiyar rairayi fuskar Lauwali ta zame ta faɗo masa a ƙirji, wushiryarsa ta bayyana. 'Yan kallo suka kwashe da dariya.

"Ga sarkin mugunta da wushirya!" wani ya yi ihu daga gaɓa. "Lauwali, nawa za ka kai ni Wurno?"

An sake. Ta sake zamewa. Abdulgafar ya cire hula ya jefar a ƙasa.

"Mai zane, don Allah ɗaure mashi abin ga da kyau. Rana tana tahiya."

Kamilu ya yanko zaren buhu, ya riɓanya shi biyu, ya zura ta ramukan jarkar. Lauwali ya ɗan rusuna don ya kai. Ƙulli biyu a ƙeya, na uku ya juya shi baya ya ja.

"Ango, a hankali," muryar Lauwali ta fito daga cikin jarkar, a toshe kamar daga ƙasan rijiya. "Kai na hwa, ba buhun albasa ba."

Ɗauka ta uku fuskar ta zauna. Amma Abdulgafar ya daɗe yana kallon ɗan gilashin kyamara, yana girgiza kai. Ya zaro kwafin littafi na ɗaya daga aljihu ya buɗe shafi na goma sha huɗu.

"Dubi nan. Dubi kuma nan. Rana tana bugun huskokinsu, jarka ta hito jarka, har tambarin mai ana gani. Kai ga zanenka rana bayansu take. Inuwa tara kawai, da wuta a bayansu. Shi na abin tsoron." Ya nuna tsallake da haɓa. "Su zagaya su hito daga cikin sabarar can. Su taho mana daga gabas."

Lauwali ya kashe babur. "Darakta, tsallake ba a gaya musu ba."

"Minti nawa abin zai ɗauka? Ku hito, ku ƙetare, shi ke nan."

"Daga gabas hwa ka ce. Mu tara."

"To ga mai labari nan," Abdulgafar ya ce, ya miƙa wa Kamilu takardar. "Abin nashi na. In ya ce a bari a yi da jarka, a bari."

Kamilu ya dubi shafin. Yana da shekara goma sha bakwai ya zana shi, da biro baƙi da ja, a ranar da ya fara jin cewa akwai wani abu a duniya da shi kaɗai ya iya. Mahaya tara, rana a bayansu kamar faranti da aka ciro daga maƙera. Ya ɗaga kai, sai ga ranar can a kan sabara, daidai wurin, daidai girman, kamar ta karanta littafin. Nan da rabin awa za ta haye ta zama ranar kowa. Can gefe, sama da giginyu, ya hango kan wata tsamiya. Ya san ta. Ya san abin da ke rataye a jikinta. Ya ji muryar Khaulat sarai kamar tana tsaye a bayansa, ya kuma ji kansa yana ba ta amsa a zuci cewa aika mutum tsallake ya dawo zai ci awa guda.

"Minti biyu na," ya ce. "Kahin su lura mun gama."

Baƙar fuskar ta juyo ta dube shi. Ba a ganin ido a bayan gilashin. Sai dariya ta fito daga ciki.

"To, angon ƙanwata ya yi magana. Ku tashi mu tahi."

Suka bi ta ƙasa suka zagaya, suka ɓace cikin sabara. Abdulgafar ya tayar da ɗan jirginsa, ya ɗaga jan kyalle.

Da suka fito, Kamilu ya manta da numfashi. Inuwa tara a jere, rana tana ci a bayansu, bindigogi a tsaye kamar ƙahoni, rairayi yana tashi ja a ƙarƙashin tayoyi. Ko 'yan kallon da suka san wasa ne sai da suka yi tsit, wata tsohuwa ta ja da baya tana salati. Hawaye ya cika masa ido. Shi ne, shi ne daidai, har ya fi.

Sai ƙarfe ya yi ƙara.

Daga tsamiyar tsallake ya fito, da sauri, babu tsayawa. Kafin a ƙirga goma wani ya amsa daga arewa, can nesa, wani kuma ya amsa wa wancan. Ihun mata ya tashi a bayan giginyu. Mutanen Tungar Baushe suka shiga ɗaga hannuwa suna kururuwa, "Wasa na! Wasa na!" amma faɗin gulbin ya haɗiye muryarsu.

Mahaya takwas suka watse. Wasu suka fizge fuskokinsu suka jefar, wasu suka murɗa wuta suka nufo yamma. Lauwali shi ne ya fi kusa da gaɓar tsallake, inda gonakin albasa suka gangaro har bakin rairayi, kuma tuni maza uku sun taso daga cikin kunyoyi da bindigogi. Ya yi abin da doka ta ce. Ya kashe inji. Ya sauko. Ya jefar da bututun, ya ɗaga hannu biyu sama. Kamilu yana gudu yana hango shi, rairayi yana cinye masa ƙafa har idon sawu, yana ihu da sunansa har maƙogwaronsa ya tsage.

Lauwali yana magana. Ana ganin kansa yana motsi, yana faɗin sunansa, amma abin da ke fitowa daga cikin jarkar gurnani ne kawai. Ya kai hannu ɗaya ya ja fuskar. Ba ta motsa ba. Ya ja da ƙarfi. Sai ya mayar da hannuwansa biyu bayan ƙeya yana laluben ƙullin.

Tsohon da ke gaba ya ga baƙar fuska ta kai hannu baya, inda ake rataya abu. Ya harba.

Ƙara ɗaya ce, da farin hayaƙi. Lauwali ya zauna a kan rairayi kamar wanda ya gaji, sannan ya kwanta a gefe. Ɗan jirgin yana nan a sama yana ƙugi.

Lokacin da Kamilu ya iso, tsohon ya riga ya durƙusa. Malam Bilyaminu sunansa, manomin albasa, wanda mutanen daji suka ɗauke wa 'ya'ya maza biyu bara ba su dawo ba. Ya ji abin da ake ihu daga yamma, ya zaro wuƙar yankan albasa ya datse zaren ta gefen kunne. Fuskar ta faɗi.

"Lauwali?" Wuƙar ta suɓuce masa. "Innalillahi. Lauwali ɗan kabu-kabu? Kai ɗana, mi ya kai ka cikin wanga abu? Kai ka kai uwar ɗiyana asibiti cikin ruwan sama. Kai ka..." Ya kama kansa da hannu biyu. "Don mi ba ka yi magana ba?"

"Na yi, Baba," Lauwali ya ce a hankali. "Ba ka ji ba na."

A motar Abdulgafar suka sa shi, a kujerar baya, kansa a cinyar Kamilu. Kamilu ya cire rigarsa ya danne ƙirjin, rigar ta jiƙe, ya danne da hannu. Hanyar duk rami ce. Ƙauyukan da suka wuce babu kowa, ƙofofi a buɗe, tukunya a kan wuta, takalmin yaro ɗaya a tsakiyar hanya. Ƙarfe bai daina tafiya ba, yana can gabansu yana korar mutane daga gidajensu.

"Ango." Leɓunan Lauwali sun yi fari. "Ina huskar?"

Tana ƙasan kujera. Wani ne ya jefo ta ciki.

"In Khaulat ta tambaya, ka ce ni na ɗaura da kaina. Ka ji? Ka san halinta. Ba ta mantuwa."

"Yaya, yi shiru, mun kusa."

"Ka ce ni na." Ya yi ƙoƙarin murmushi, wushiryar ta yi ja. Daga nan ya koma kalmar shahada, Kamilu yana tayawa yana kuka, har ya lura shi kaɗai yake faɗa. Rufin kwanon Wurno ya fara bayyana a gaba.

Suna tsayawa a ƙofar asibiti, Sista Alice ce ta fito da gudu. Ta taɓa wuyan Lauwali, ta buɗe idonsa. Ta juya don ta tare ƙofa, amma Khaulat ta riga ta fito, da safar hannu da kwanon auduga. Ba ta yi ihu ba. Kwanon ma ba ta yar ba, ta ajiye shi a kan dakali a hankali. Ta shafa fuskar yayanta, ta share masa rairayin da ke cikin gira. A kumatunsa akwai layi biyu inda zare ya ci fata. Ta bi layin da yatsa har bayan kunne.

Sai idonta ya sauka a kan baƙar jarkar da ke ƙasan kujera. Ta ɗauko. Zaren yana lilo, a yanke ta gefe, ƙullin kuwa yana nan yadda yake, ko sassautawa bai yi ba. Ta riƙe shi tsakanin yatsu biyu. Sau goma sha ɗaya ta nemi reza saboda shi.

"Ina anka harbe shi?"

"Gaɓar tsallake," Kamilu ya ce.

"An gaya musu?"

Ya girgiza kai.

"Wa ya ɗaura wanga?"

Ga maganar a bakinsa, Lauwali ya bar masa ita, kyauta ta ƙarshe. Ya buɗe baki ya ji ba ta ɗaukuwa.

"Ya ce in ce maki shi ya ɗaura."

Ta dube shi. Da ta zage shi, ko ta mare shi a gaban mutane, da ya ji sauƙi.

"Mutum ba shi yin wanga ƙulli a bayan kainai," ta ce. Ta ajiye masa fuskar a hannu, ta juya. "Sista, taimaka mani mu shigar da Yaya."

An yi jana'iza bayan azahar. Malam Bilyaminu ya tako da ƙafa tun daga tsallake, ya ajiye bindigarsa a gaban hukuma, ya roƙi a bar shi ya bi sallar kafin a tafi da shi. A sahun baya ya tsaya, kusa da Kamilu. Babu wanda ya dubi ɗan'uwansa. Kwana uku mutanen ƙauyuka shida suna dawowa gidajensu daga cikin gonaki, kuma an ce wata mai tsohon ciki ta haihu a gindin kalgo.

Abdulgafar ya zo shago sau ɗaya, ya rame. Ya ajiye ɗan katin kyamara a kan benci ya ce jirgin ya ɗauki komai, shi bai iya kallo ba, bai kuma iya gogewa ba. Kamilu ya ɗaga murfin gwangwanin baƙin fenti ya saki katin a ciki.

Bayan addu'ar bakwai, da hantsi, yana zaune gaban wani allo da ya kwana uku bai wuce harafin farko ba, inuwa ta rufe ƙofar. Khaulat ce, da hijabi mai ruwan toka, da kwali a hannu. Ta ajiye a kan benci. Littattafan ne, goma sha ɗaya, a jere bisa lamba, babu ɗauri. A gefe ga guntayen zaren da ta yanke tsawon shekarun nan. Ashe ba ta zubar da ko ɗaya ba.

"Inna ta ce ta yahe," ta ce. "Ta ce kwana ya ƙare. Ni ma ina roƙon Allah shi ba ni ikon hwaɗin haka. Kawu zai zo ya ga Babanka kan maganar aure, a hwasa."

"Khaulat, ko mi kinka ce in yi..."

"Na riga na ce. Abu guda na."

Ta juya. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ranar da kaka rubuta allon asibiti, harahinka bai karkace ba. Ni dai so nika yi ka sauko."

Ya bi ta da ido har ta shige cikin masu kabu-kabu a bakin tasha, inda aka bar gurbin babur ɗaya babu wanda ya tsaya a ciki. Sannan ya jawo littafi na ɗaya ya buɗe shafi na goma sha huɗu. Mahaya tara, rana a bayansu. Ya daɗe yana neman fuskar na gaban a cikin baƙin biron, amma tun farko bai zana masa ita ba.